Katin Baƙo

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Bari in fara da abin da babu mai iya musawa.

Ni na share filin. Juji ne a lokacin, kwalabe da tsofaffin tayoyi, na kwashe shi da baro guda da hannuwan nan biyu, wata huɗu cur, kullum bayan na rufe garejin walda. Ni na ƙera ƙarafan raga duka biyun, da bututun ruwa da na tsinto wajen masu tsofaffin ƙarafa. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, ko tsatsa ba su yi a gindi ba, mai shakka ya je ya duba. Ni na kawo ƙwallon farko. Lambobin jesin farko uwar yarana ce ta ɗinka su a kekenta, Allah ya ji ƙanta, amma ni na yanka mata su a kwali. Ni na ɗauko ƙungiyar nan daga wasan unguwa zuwa rukuni na uku, daga na uku zuwa na biyu, daga na biyu zuwa babban rukuni, inda yanzu ake nuna mu a talabijin. Aji uku na yi a sakandare. Babu wanda ya koya mini ƙwallo. Walda ma da ido na ɗauke ta. Babu wanda ya taɓa riƙe mini tsani.

Na rubuta ne don babu wanda zan gaya wa da safen nan, ba don wani abu ba. Littafin ma na awon ƙofofi ne, na juyo shi ta baya.

Maganar ranar Asabar kuwa, ba ni da ta cewa.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Sakataren ƙungiya ya zo gareji da takardu a ambulan. Ya tsaya can nesa da tartsatsi yana kare takalminsa. Ya gaishe ni yadda ya kamata, Baba ina wuni, Baba ya aiki, sannan ya ce an aiko shi ya karɓi katina.

Ga yadda katin ya samo asali. Da muka hau babban rukuni aka ce dokarsu ba ta yarda mutum ya zauna a benci ba sai da takardar shaidar koci, ita kuma ba a ba wanda bai gama sakandare ba. Sai Shugaba, wato mai gidajen man nan da ya shigo cikinmu shekara uku da suka wuce da ya ga mun fara cin wasa, ya kawo wani matashi mai gilashi ya ce shi ne koci. Ni aka ba ni koren kati mai igiya, an rubuta Mai Ba Da Shawara, da kujera a layin farko bayan benci. Tun farkon kaka babu wanda ya nemi shawarar, amma dai ina rataye da katin.

Koren katin nan ne Sakatare ya karɓa. Ya ajiye mini fari a kan teburin aiki. Kalma guda ce a jiki, da manyan baƙaƙe: BAƘO.

Sai kuma takardar amsa laifi mai layi uku, da wurin suna da wurin sa hannu. Ya ce in na sa hannu, koren zai dawo kafin Asabar, magana ta mutu. Na karanta, na ce sunana bai taɓa hawa kan irin wannan takarda ba.

Ya ce, “Baba, mutum dubu tara ne a filin nan.”

Na ce to madalla, kowannensu da bakinsa ya zo, a bi su ɗaya bayan ɗaya a tambaya. Na saukar da gilashin fuska na kunna wuta. Da na ɗago ya tafi. Takardar na danne ta da gwangwanin waya, don iska.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na juya bayan katin ko akwai wani rubutu. Babu.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Masu babur ɗin da ke tsayawa a bakin titinmu sun samu sabon wasa. In na zo wucewa sai wani ya yi fito, sauran su sunkuyar da kai suna dariya. Ko iya shi ba su yi ba. Maƙwabcina mai faci, wanda muka yi shekara goma sha bakwai bango ɗaya, shi ma ya leƙo ya ce wai in ara masa bakina ya hura taya, injinsa ya lalace. Na ce ya bari in gama da ƙofar da ke hannuna zan zo in liƙe masa nasa bakin kyauta. Ya yi dariya, ni ban yi ba, sai ya koma ciki.

Tunda jahilai sun mai da shi abin wasa, bari in rubuta mene ne fiton, don wanda zai karanta wata rana ya san ba hauka ba ne.

Muna rukuni na uku 'yan bayana ba su da gudu. Dogo, kyaftin ɗinmu, tun yana ɗan shekara sha tara in ya juya kamar ana juya tirela ne. Sai na zauna na yi tunani: wanda ba zai iya bin ɓarawo da gudu ba, ya rufe ƙofa kafin ya shigo. Na koya musu in na sa yatsu biyu a baki na yi fito, gajere sannan dogo, su huɗun su taka gaba taki uku lokaci guda, kamar ƙofa mai ƙyaure ɗaya. Ɗan gaban abokan karawa sai ya tsinci kansa shi kaɗai a bayansu, mai tuta ya ɗaga, satar gida. Shekara goma sha biyar muna cin abinci da wannan. Babu littafin da na gani a ciki. Ana jin fitona daga wancan ƙarshen fili ko ana kiɗa.

Mai Gilashi da ya zo ya ce shi 'yan bayansa baya suke zama, ba sa takawa. Ya kawo sababbi biyu daga wani gari. Tsofaffin sai Dogo da Bahago suka rage.

Abin da ya faru ranar Asabar a minti na tamanin da takwas kowa ya gani. Dogo da Bahago suka taka gaba, sababbin biyu suka tsaya inda suke, ɗan gabansu ya bi ta tsakiya kamar an buɗe masa zaure. Ɗaya da nema, a gidanmu, a hannun ƙungiyar da ke ƙasa da mu. Uku na ƙarshe ke faɗawa rukunin ƙasa, yanzu muna cikinsu, saura wasa huɗu.

Wannan shi na gani. Abin da ya sa Dogo ya taka, a tambayi Dogo.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Auta ta bugo daga gidan mijinta. Ta tambayi ko ina cin abinci, ko ina shan maganin hawan jini, ko mai wanki ya zo. Ta daɗe tana kewaye-kewaye irin na uwarta, sannan ta ce, “Baba, an nuno ka a talabijin fa. Da yatsu a baki.”

Na ce haƙorina ke ciwo.

Ta ce to Allah ya sawwaƙe, in je a duba mini shi. Na ce ya lafa.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Yau wasan waje ne. Shekara takwas direban motar ƙungiya yana biyowa ta layinmu ya danna hon sau biyu, in fito da jakata in zauna a kujerar gaba. Ban shirya ba, don ba zuwa zan yi ba. Na dai sa takalmi na zauna a bakin ƙofa, saboda ɗakin da zafi.

Ta wancan titin suka bi. An ce ana gyaran namu.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

An ci mu biyu da nema. A rediyo na ji, a gareji, ƙofa a rufe. Dogo bai buga ba. Mai sharhi ya ce an ajiye shi a benci kuma an cire masa kambun kyaftin saboda kuskuren makon jiya. Kuskurensa, in ji shi.

Na kashe rediyon na gama ƙofar da sai Laraba za a zo ɗauka.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Na je tsohon fili. Tunda muka hau babban rukuni aka ce bai cika ƙa'ida ba, babu kujeru, babu ɗakin canza kaya, aka mai da mu babban filin da ke tsakiyar gari. Ko atisaye ba a yi a nan yanzu. Ni dai ban fasa ba. Na ja tiyo na ba ciyawa ruwa, na kwaɓa farar ƙasa na bi layuka, na ɗaure ragar da ta kwance ta gefen hagu. Na auna da'irar tsakiya da igiya duk da na san daidai take.

Da na gama na tsaya a tsakiya na duba. Fili kamar a ci abinci a kai. Babu ko sawun takalmi sai nawa.

A nan babu mai tambayata kati.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Yau na lura da wani abu. Ni mai fito ne a wurin aiki, tun ina yaro. Uwar yarana takan ce tun daga kwanar layi take gane ko mun ci wasa ko an ci mu, daga yadda nake fito, sai ta san irin fuskar da za ta tare ni da ita. Kwana goma ke nan ban yi ba. Ba da niyya ba. Garejin sai ƙarar guduma.

Gidan ma haka. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, kujerarta na nan da mayafin da take rufe keke da shi. Da, hayaniyar yaran ƙungiya ce ke cike wurin, wannan ya zo neman takalmi, wancan ya zo ƙarar wancan. Tun ranar nan babu wanda ya leƙo. Ban ce su zo ba. Ba na kuma nema.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sakatare ya aiko saƙo a waya, wai ko na duba takardar. Na duba ta mana. Tana nan ƙarƙashin gwangwani.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Wasan gida. Na sa farar rigata na tafi da wuri. Katin yana aljihu, ban ce zan fito da shi ba.

Masu tsaron ƙofar wani kamfani ne aka ɗauko, ba mutanenmu ba. Wanda ke ƙofar manya wani ƙato ne mai ladabi. Ya ce kati. Na ce ya dube ni da kyau. Ya dube ni da kyau. Na ce ka san ko ni wane ne?

Ya ce, “A'a Baba, ai shi ya sa ake yin kati.”

Hannuna ya shiga aljihu har ya taɓa igiyar. Ni in rataya wannan kalma a ƙirjina, a ƙofar ƙungiyar da na haifa, Shugaba yana wucewa a mota yana kallo? Na ce masa na manta shi a gida. Ya ce akwai tikiti a wancan tagar. Na gode masa.

Na zauna a kan dakalin wani kanti da ke rufe, daura da katanga. Ashe ana iya karanta wasa da kunne. In filin ya yi tsit, ƙwallo tana gidanmu. In ya yi gurnani, an ba da ita ga wanda bai kamata ba. Sau ɗaya ya fashe gaba ɗaya, na miƙe tsaye ban sani ba, ni kaɗai a titi, wata mata mai ɗauke da kaya ta kauce mini. Can kuma na ji ihun 'yan mutane kaɗan daga kusurwa guda, na san an farke.

Kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Saura biyu. Na bar wurin kafin a buɗe ƙofofi.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Ban je fili ba. Ƙafa ke ciwo.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya zo.

Da keken 'yarsa ya shigo a kafaɗa, wai sirdi ya karye. Karayar da ko mai faci zai iya ɗaurewa da waya. Ya durƙusa ya gaishe ni, duk tsawon nan nasa, har kansa ya zo daidai teburin aiki. Na tambayi matarsa da yara, ya tambayi Auta. Na kama sirdin ina ta jujjuya shi, aikin minti biyar na mai da shi na rabin awa. Ya rame. Inda kambun ke zama a damtsensa na kalla, duk da rigar gida ce a jikinsa.

Ina jira ya ɗauko maganar, na shirya amsata tun kwana goma sha shida. Bai ɗauko ba. Ni na kasa haƙuri na ce na ji an ce kuskurenka ne. Ya ce e, haka ya gaya wa koci, ƙafarsa ce ta taka. Na ce ba su tambaye ka dalili ba? Ya ce sun tambaya, ya ce bai ji komai ba.

Na ci gaba da goge sirdin da ya riga ya gogu.

Sai ya ce, “Baba, yaya ake sa harshen?”

Na zaci shi ma ya shiga sahun masu babur. Na dube shi, ba wasa a fuskarsa. Na ce a naɗe harshe baya, yatsu biyu su danne shi, leɓe ya rufe haƙora, iska ta bi ta ƙasa. Na nuna masa da hannu, ban hura ba. Ya gwada. Iska da yawu. Ya sake, yawu har kan gilashin waldana. Mai faci ya leƙo ya tambaya ko tayar wa ke sacewa. Na ce wa Dogo shekara goma sha biyar kana jin abu a kunnenka, ba ka taɓa koyonsa ba?

Ya ce, “Ban taɓa zaton zan buƙace shi ba, Baba. Kana nan.”

Ya ɗauki keken ya tafi. Na rufe gareji da wuri.

Talata, ƙarfe shida na safe

Dogo ya ce bai ji komai ba. Ana jin fitona daga wancan ƙarshen fili.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ina ba ciyawa ruwa wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin tsohon fili. Mai Gilashi ne, shi kaɗai. Ban taɓa ganinsa ba tare da allon nan nasa na hannu ba, sai na ga ashe yaro ne, bai wuce sa'an mijin Auta ba. Idanunsa sun faɗa.

Ya gaishe ni. Ya shafa ƙarfen raga ya tambayi kamfanin da ya yi shi. Na ce kamfanin ne ke riƙe da tiyo. Ya yi murmushi. Ya ce ya zauna ya kalli faifan duk wasanninmu na bara, ya ƙirga sau arba'in da ɗaya muka kama mutane da satar gida, bai taɓa ganin irin haka ba. Na ce arba'in da uku ne, biyu mai tuta ne ya makance.

Ya tsaya kamar mai son tambayar wani abu. Na ga tambayar a bakinsa. Da ya yi ta da na amsa, wallahi da na amsa, da na zaunar da shi a ciyawar nan na zana masa komai da tsinke har rana ta faɗi. Amma shi ne mai takardar shaida, shi ya kamata ya buɗe baki. Na juya masa baya na ja tiyo zuwa kusurwa. Da na waiwayo yana rufe ƙofar mota.

Na tsaya har ruwa ya kwanta a kusurwar ya zama taɓo.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Mun ci a waje, ɗaya da nema. Dogo ya buga, babu kambu. Mun fita daga cikin ukun ƙarshe da ƙyar. Wasan ƙarshe a gida ne, kunnen doki ya ishe mu. In aka ci mu, mun koma inda muka fito.

Na ce “mun”. To, na riga na rubuta.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Auta ta ce za ta zo ta raka ni ranar Asabar. Na ce wa ya ce mata zan je.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Iska ta ture gwangwanin, takardar ta faɗa ƙasa. Na ɗauke ta na kaɗe. Tartsatsi ya huda ta wuri biyu, amma wurin suna lafiya lau.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Na goge farar rigar. Don ta yamutse ne.

Asabar, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru tun da zafinsa.

Na rataya katin a cikin riga. A ƙofa na zaro shi na nuna, ban kalli fuskar kowa ba. Ba ƙaton nan ba ne yau, wani ne daban. Ya karanta da ƙarfi, “Baƙo,” ya kira abokin aikinsa ya ce a kai Baba ɓangaren baƙi. Na ɗauka wurin manyan baƙi ne, kusa da Shugaba, har na fara haɗa fuskar da zan yi masa. Muka bi ta bayan katanga, muka hau matakala, aka buɗe wata ƙofar waya aka rufe a bayana.

Sai ga ni a tsakiyar magoya bayan ƙungiyar da ta zo karawa da mu. Baƙi ai. Mutum ɗari uku da jajayen riguna da ganguna, ni ɗaya da fara. Na juya in yi magana, mai ƙofar ya riga ya sauka. Ƙofar ma, na duba, waldarta ta banza ce.

Suka matsa mini wuri. Wani mai tumbi a gefena ya miƙo mini ruwa, ya tambaya ko a motar farko na zo. Na ce uhm. Ya ce yau za su tura mu inda muka fito, ƙungiyar 'yan unguwa. Da hutun rabin lokaci, babu ci, ya ba ni labari don in yi dariya: wai akwai wani tsohon mahaukaci a ƙungiyar nan, mai walda ne ko makaniki, da ya yi fito daga cikin 'yan kallo ya rusa bayan ƙungiyarsa da kansa. Ya ce Allah ya sa yana nan yau ya taimake su. Na ce mai walda ne. Ya ce au, ka san shi? Na ce sama-sama.

Daga can sama ana ganin layin baya tsaf, fiye da yadda na taɓa gani daga bayan benci. Dogo, Bahago, da sababbin biyu. Sun sha wuya. Rabin lokaci na biyu ƙwallo ba ta bar gidanmu ba. Sau biyu na ga Dogo ya waiwaya wajen kujerata ta da. Wani ne a kai, yana cin wani abu a leda.

Minti na tamanin da tara. Ɗan tsakiyarsu ya karɓi ƙwallo ya ɗaga kai, ɗan gabansu ya fara zamewa ta bayan kafaɗar Bahago. Na san wannan lokacin kamar yadda na san ƙarfe ya yi ja. Yanzu ne, ba anjima ba. Ban san sa'ad da yatsuna suka shiga baki ba. Harshe ya naɗe, ƙirji ya cika.

Na cije yatsun. Har yanzu ga shaidar haƙora, na tsakiyan ya fashe.

Sai na ji shi, daga cikin fili. Gajere, sannan dogo. Mummuna, mai yawu, na biyun ya karye a tsakiya kamar muryar zakaran da bai gama girma ba. Su huɗun suka taka. Huɗu, ba biyu ba. Ƙyaure ɗaya.

Ƙwallo ta wuce, yaron ya buga ta shiga raga, mutum ɗari uku suka tashi a kaina, mai tumbi ya rungume ni yana tsalle. Ni ban kalli raga ba. Mai tuta nake kallo. Hannunsa na sama tun kafin a buga.

Da suka gane suka zube a kujeru, ni kuma sai ga ni a tsaye. Mai tumbi ya ce Baba lafiya, bakinka jini. Na ce haƙori ne.

Babu ci aka tashi. Muna nan a babban rukuni. Ba a buɗe wa baƙi ƙofa sai 'yan gida sun watse, don haka na yi minti arba'in a bayan waya ina kallon yarana suna ɗaga Mai Gilashi sama. Dogo bai shiga cikinsu ba. Yana tsakiyar fili yana juyawa a hankali, yana bin kujeru da ido, layi-layi. Ko'ina ya duba ban da ɓangaren baƙi. Ina zai san ya duba nan?

Da fito ɗaya zai gan ni. Yatsun sun kumbura.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Rediyo tun safe: dabarar matashin koci, sabon salo, basirar zamani. Wani ma ya ce daga ƙasar waje aka koyo ta. Masu babur yau ma sun yi mini fito, amma ba su sunkuyar da kai ba. Ban san me suke nufi ba. Har yanzu ba su iya ba.

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Na ɗauko takardar daga ƙarƙashin gwangwani. Layi uku nasu ba su isa ba, na ƙara nawa a ƙasa, na ci gaba a baya. Na kwafe a nan don kada wani ya rage wani abu.

Ni ne na yi fito ranar Asabar ɗin nan, minti na tamanin da takwas. Ba haƙori ba ne. Dogo ya ji, ya taka, don abin da na koya masa ke nan tun yana ɗan shekara sha tara. Ƙwallon da aka ci mu tawa ce, a cire ta daga kansa, a mayar masa da kambunsa a gaban mutane kamar yadda aka cire shi a gaban mutane. Ba zan ƙara yi daga cikin 'yan kallo ba. Akwai mai yi a cikin fili yanzu, sai dai yana buƙatar gyara a na biyun.

Koren kati in kun ga dama ku kawo, in ba ku ga dama ba ku riƙe. Farin na bar shi a ƙofar waya.

Amma tunda an nace sai na sa sunana a kan fiton da ya kashe mu, to fito ɗaya ne da wanda ya cece mu shekaranjiya. Ba a raba su. Wanda ya ɗauki wancan shi ke da wannan. Duk inda za a rubuta cewa ƙungiyar nan ta tsira a kakarta ta farko, a littafin ofis ne, a jarida ne, a jikin bango ne, a rubuta wanda ya share filin, wanda ya ƙera ƙarafan, wanda ya ƙirƙiro taki ukun. Ba Baba ba. Ba Mai Walda ba. Ba wani tsoho ba. Sunana cikakke, da na mahaifina, da manyan baƙaƙe irin waɗanda kuka iya bugawa a kati.

Ga shi nan a ƙasa na rubuta muku da hannuna, da yatsa mai ciwo, don kada a ce ba a san yadda ake rubuta shi ba.

Ƙarfe takwas ofis ke buɗewa. Ni zan kai da kaina, kuma zan tsaya a wurin har in ga an rubuta.